Ƙaryar da Na Yi wa Yaya a Zariya

Ni ne da laifi, kuma gara in faɗi haka tun kafin in shiga labarin hanya. Tun da na dawo daga Nijeriya ba na wucewa ta shagon Ali tela ba a tsayar da ni ba. Wannan ya ce yaya Kano take, wancan ya ce da gaske ne tsirensu ya fi namu na unguwar Briketeri a nan Yawunde, wani kuma yana son jin abin da manya suka ce a taron. Nakan ba su labarin burodi da na bakin iyaka, a yi dariya, in wuce. Abin da ban ba su ba shi ne, a can Zariya na miƙe a gaban jama'a na yi wa yayata Hansatu ƙarya, ƙaryar da ta kusa sa hukuma ta ɗauke mata yarinyar da take riƙo. Yarinyar kuwa 'yata ce. To ga labarin nan duka, don na gaji da ba ku rabi.

Aikina a ofishin kula da yara ba babba ba ne. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma ina jin Faransanci da Fillanci da ɗan Turancin kasuwa, saboda haka ni nake shiga gaba in yi sallama idan Madam Ngono za ta shiga gidajen unguwarmu. Ita ce mai ilimin aikin, 'yar kudu ce, Kirista, mace mai haƙuri wadda ba ta ƙara gishiri a magana. Mun daɗe muna bin gida-gida a Briketeri da Ekudu da Mesa muna neman sanin abu guda: wurin awon yara da ofishinmu ya buɗe, inda ake duba nauyinsu, a koya wa uwaye dama kunu mai gina jiki, a tura marasa lafiya asibiti, yana amfanar yaran ko suna ne kawai? Abin da muka gano shi ne yaran da ake kawowa a kai a kai suna murmurewa. Amma 'ya'yan riƙo, waɗanda ke hannun goggo ko kaka ko inna, da wuya a kawo su. Masu riƙon suna tsoron a auna yaro a ce bai kai ba, unguwa ta ɗauka cewa ba a ba shi abinci. Wannan binciken ne aka gayyaci Madam ta je ta karanta a taron ma'aikata irinmu na ƙasashe da dama. Kujerar jirgin sama ta babban darekta ce, mu kuwa aka ce mu bi ƙasa, kuma aka haɗa ta da ni saboda Hausa ce za ta kai mu.

Ranar da zan tafi na biya gidan Yaya in yi sallama. Uwar yarinyar ta rasu tun ba a yaye ta ba, Yaya ta ɗauke ta a ranar sadakar uku, ba ta sake sauke ta ba. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarmu aka sa mata, ana kiranta Uwani. Kowa ya san kunyar ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane. Ni kuwa na kai abin inda ko kakanninmu ba su kai shi ba. Gidan yana bayan layin mahauta, kullum ta ƙofarsa nake bi in je neman tasi, amma iyakata zaure. In na ji takun ƙafarta sai in miƙe in ce na makara.

A ranar Yaya ta fito da kanta, hannunta duk ƙullun ƙosai, ta ce yarinyar ta ji zan yi tafiya mai nisa, tun safe take leƙe. Na ce a gaishe ta.

"Auta, ita fa ba ta da uwa," in ji Yaya. "Waɗanda suka yi wannan kunyar sun yi ta ne yaro yana da uwa da kaka da gida cike. Kai wa ka bar mata?"

Na ce ba ita za ta koya mini al'adar gidanmu ba, na fita ko waiwaye ban yi ba. Da wannan fushin na shiga jirgi.

Jirgin ƙasa bai daɗe da fara kaiwa Ngaundare ba, har yanzu mutane suna shigarsa da kayan salla. Madam ta riƙo wasu manyan takardu da ta zana hawa da saukar nauyin yara a kai, ta naɗe su kamar tabarma. Ba mu kai Belabo ba wani ɗan kasuwa mai ƙiba ya zauna a kansu, ya kuma rantse bai ji komai ba. Sauran tafiyar a kan gwiwata suka yi ta, ina ta murza su su miƙe. A gabanmu akwai wani malamin makaranta ɗan kudu da 'yarsa. Shi yake fere mata rake, shi yake goge mata baki, in ta yi barci ya kwantar da ita a ƙirjinsa. Madam ta tambaye shi, ya ce ita ce ta farko, har yana alfahari. A da in na ga irin wannan nakan ce mutanen nan ba su da ta ido. Wannan karon na kasa daina kallonsu. Na tsinci kaina ina tunanin ko tawa tana son rake, na ga ban sani ba.

Daga Ngaundare muka shiga mota muka gangara Garwa. Mu 'yan Yawunde da muka saba da ruwan sama da sanyin safe, zafin Garwa ya karɓe mu tun daga bakin gada. Madam ta yi guzurin sandar rogo, irin wadda ake naɗewa a ganye, ta ce ba ta yarda da abincin hanya ba. Da zafi ya bugi kayan, warin ya cika motar, wani dattijo Bafillace ya yi ta tambaya ko wani abu ya mutu a ƙarƙashin kujera. Na rasa yadda zan fassara mata, na ce yana yaba ƙanshin ne. Ta ɓare guda ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu saboda ladabi, ya riƙe ta har Marwa bai kai baki ba.

A Banki muka tsallaka iyaka. Ɓangarenmu aka duba katinmu a ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, ba wanda ya ce uffan. Ɓangaren Nijeriya kuwa hira ce. Ma'aikacin ya ji Hausata ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan Faransa ne ashe." Haka suke kiran duk wanda ya fito daga wajenmu. Na ce ni Bazazzagi ne, kakana daga Zariya ya fito. Ya ce to madalla, amma dai ɗan Faransa. Sai ya sa aka warware takardun Madam, ya juya su sama da ƙasa, ya tambaya ko taswirar hanya ce. Da na bayyana masa cewa layin nan nauyin yaro ne, in ya hau lafiya, in ya kwanta akwai matsala, sai mutumin ya manta da aikinsa. Ashe yana da ɗa wanda tun da aka yaye shi ba ya cin komai sai ruwan koko. Ya jawo wa Madam kujera. Ta yi ta tambaya ina fassarawa, ta ce a zuba ƙuli-ƙuli da ɗan mai a kunun, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Direbanmu yana ta danna oda a waje, mutumin ko a jikinsa. Ya san abin da ɗansa ya ci jiya, ya san ranar da zawo ya fara. Ni na fassara duk wannan da bakina.

A Maiduguri muka sauka gidan wani fatoma da direban ya sani. Ni aka ba ni tabarma a ɗakin baƙi tare da fataken shanu. Madam ce ta zama matsala, don ba su taɓa saukar mace ita kaɗai ba, ga ta ba lulluɓi. Daga ƙarshe aka shigar da ita cikin gida wurin mata. Da safe ta fito hannayenta biyu jawur da lalle, tana ƙanshin turaren wuta, tana dariya. Ba kalma ɗaya da suka haɗa, amma ta ce ba ta taɓa yin hira mai daɗi haka ba. Abin da ya dame ta shi ne karin kumallo. Mu mun saba da dogon burodi mai ƙaras-ƙaras da kofi. Can burodinsu laushi ne da zaƙi kamar an yi wa mai jego, shayin kuma madara ta fi ganye yawa. Ni dai na ci, na ƙara. Tsirensu ma na ci a Kano, sun fi mu zuba ƙuli, mun fi su yaji, kuma ba su san a haɗa shi da gasasshiyar ayaba ba. Wanda ya fi daɗi ba zan faɗa ba, ina da abokai mahauta.

Abin da ya fi taɓa ni a hanyar nan shi ne ko'ina Hausa. Ɗan sanda Hausa, rediyon mai shayi Hausa, yara suna faɗa da Hausa. Mu a Yawunde Hausarmu ta unguwa ce, da ka haye titi ka shiga Faransanci. Tun ina yaro nake jin kakanmu yana ambatar unguwarsu a cikin birnin Zariya, da rimin da ke ƙofar gidansu, da rijiyar da ba ta ƙafewa. Ya mutu yana cewa zai koma. Saboda haka muna isa Zariya, tun kafin a buɗe taro, na bar Madam a masaukin makarantar da za a yi taron na shiga birni. Na sami unguwar. Na sami dattawa a gindin wata bishiya, na gaishe su, na faɗi sunan kakana da na ubansa da sana'arsu. Suka yi ta juya sunan a baki. Wani tsoho ya ce da yawa sun tafi kudu a wancan zamanin, wasu goro ya kai su, wasu haraji ya kore su, ba duka ake tunawa ba. Suka ba ni ruwa, suka yi mini addu'a, suka ce Hausata irin ta tsofaffi ce, akwai kalmomin da rabonsu da ji tun kakanninsu. Na yi godiya. Da na juya na ji wani yana gaya wa wanda ya iso yanzu cewa baƙo ne daga Faransa.

Na faɗi wannan ne don ku san da wace zuciya na shiga ɗakin taron, ba don in wanke kaina ba.

Ɗaki ne babba mai fankoki a sama. Mu a gida in za a buɗe taro da sunan shugaban ƙasa ake farawa, kuma in darekta ya yi magana ba mai ɗaga hannu. Can da addu'a suka fara, sannan aka yi ta gaishe-gaishen manya har na ɗauka taron ke nan. Amma da aka shiga aiki sai na ga ƙaramin ma'aikaci ya miƙe ya ce wa likita bai yarda ba, kuma ba abin da ya same shi. Masu magana da yawa sun zo da labarai masu sa kuka, yaron da aka tsinta, yarinyar da aka ceto, ana ta tafa musu.

Madam ta sami lokaci bayan an ci shinkafar rana. Ta rataye takardunta da suka sha zama, tana nuni da hannu mai lalle, wani yana juya maganarta zuwa Turanci. Ta faɗi abin da muka gano yadda yake, ba ƙari. Fankoki suna juyawa, kawuna suna sunkuyawa. Wani likita ya tambaye ta yaya 'ya'yan riƙon suke, tun da ba a kawo su awo. Ta ce, "Ba mu sani ba. Abin da ya kamata mu bincika ke nan." Gaskiya ta faɗa, amma na ga mutane sun taɓe baki, kamar mun yi doguwar tafiya mun zo hannu wofi.

Sai shugaban zaman ya ce an gaya masa akwai ɗan'uwa Bahaushe daga Yawunde wanda shi ya shiga gidajen da ƙafarsa, a ba shi dama ya yi magana da harshen gida. Na miƙe. Na yi sallama, na ce ni jikan Zazzau ne da aka haifa a nesa. Ɗakin ya farka, aka amsa mini da ƙarfi, har da tafi. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Na so kada ya ƙare. Na san kuma abin da ke sa su tafi, na gani tun safe.

Na ce ni na san yadda 'ya'yan riƙo suke, bari in ba su misali ɗaya daga unguwarmu. Ban faɗi suna ba. Na ce akwai wata mai ƙosai da ke riƙon marainiya. Na ce yarinyar a ɗakin girki take kwana. Na ce ta yi wata da watanni ba ta je makaranta ba, da gyambo a ƙafarta, kuma ba a taɓa kawo ta awo ba. Na ce tun duku-duku ake tashinta aiki. Kowace magana da na faɗa akwai inda ta taɓa gaskiya, shi ya sa ta fito mini da sauƙi. A ɗakin girki ta kwana, amma tare da Yaya, da damina, lokacin da rufin ɗakinsu yake zuba, rufin da na ce zan turo a gyara ban turo ba. Makaranta kuwa gyambon ne ya hana ta, kuma Yaya ce take goya ta, ƙatuwar yarinya, ta hau da ita tudu zuwa asibiti a wanke a ɗaure, har ya warke. Duk na sani. Na cire Yaya daga inda ta yi wahala, na bar ta a inda za a zarge ta. Ina magana ina jin maganarta ta ranar tafiya a kunnena, ina ramawa.

Aka tafa mini fiye da kowa. Wani ya ce irin wannan shaida ake so, a sa ta cikin abin da za a buga.

Sai wata dattijuwa ta ɗaga hannu daga layin gaba. Hajiya suke kiranta, ta daɗe tana shugabantar aikin yara a wata jiha. Ba ta miƙe ba.

"Malam, uban yarinyar ya rasu ne?"

Na ce yana raye.

"A garin yake?"

Na ce a unguwar ma yake.

"To me ya hana shi?"

Na ce, "'Yar fari ce, Hajiya."

Hausawan da ke ɗakin suka yi 'yar dariya irin ta an gane. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce to, aka wuce.

Da aka fita shan shayi ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce in zauna. Ta ce ita ma 'yar fari ce, a hannun goggonta ta tashi, kuma har mahaifinta ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanta ba. Amma duk Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya zo zauren goggon ya zauna ya ba ƙofa baya. Ita kuma a turo ta ta kawo ruwa, ta tsaya a bayansa. Sai ya yi ta magana da bango: a gaya wa mutanen gidan nan sanyi ya kusa, a nemi rigar kirki, an ce wata ta iya karatu, to a ci gaba. In za ta koma ya saci kallon ƙafafunta ya ga ko da takalmi. Ta ce duk mako wannan zaman take jira, kuma ba ta taɓa shakkar tana da uba ba.

"In ka koma, ɗana, ka gaya wa mutumin nan a yi kunyar yadda ake yin ta," in ji ta. "Abin da yake yi wani abu ne daban."

Ban sani ba ko ta gane. Ban kuma tambaya ba.

Madam kuwa an fassara mata duk abin da na faɗa. Ta same ni a bakin masauki ranta a ɓace, ta ce yaya za a yi irin wannan yarinya tana unguwar da muka bi gida-gida ban taɓa nuna mata ba. Ta riga ta yi magana da darekta. Muna komawa za a je gidan, a ɗauke yarinyar a kai ta gidan marayu kafin a gama bincike. Ta ce in ba ta sunan matar. Na ce sai mun isa.

Na san gidan marayun, mun sha zuwa. Akwai gado, akwai abinci, masu kula da su suna iya ƙoƙarinsu. Amma ba mai jin Hausa ko ɗaya, kuma yaran can in baƙo ya shigo ba sa gudu ba sa dariya, kallo kawai suke yi. Na yi ta ganin yarinyar a cikinsu.

A hanyar dawowa muka tsaya Kano na shiga kasuwa sayen tsaraba. Na sayi turare da hula na abokai. Na tsaya wurin mai takalman yara, na ɗauki wasu jajaye masu maɗauri. Ya ce yarinyar kamar yaya ƙafarta take. Na buɗe tafin hannuna, na rufe, na ƙara buɗewa. Ya ce shekarunta fa, na faɗa, ya ce yara suna bambanta, wata doguwa ce wata gajera. Ban san ko doguwa ba ce. Rabona da in dube ta sosai tun tana rarrafe. Na ajiye takalman na ce zan dawo.

Daga Kano har Banki ban iya cin abin kirki ba. Madam ta ɗauka zazzaɓi ne, ta yi ta ba ni ƙwayoyi. Na yi niyyar faɗa mata a Marwa na kasa, a Garwa ma na kasa. Sai a tashar Ngaundare, da rana tsaka muna zaune a kan kayanmu muna jiran jirgi, na ce mata matar nan yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, yarinyar kuma tawa ce. Na faɗa mata zancen rufi da na goyo zuwa asibiti, da abin da Yaya ta ce mini ranar tafiya.

Ta dubi hannayenta, lallen ya fara koɗewa. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara da shekaru muna lallashin matan nan cewa ba mun zo kama su da laifi ba ne, ga shi ni ɗan unguwa na je wata ƙasa na tabbatar da abin da suke tsoro. Ta ce za ta sanar da masu taron a cire maganata, za ta kuma gaya wa darekta da kanta, abin da zai yi da ni kuma ba ta sani ba. Ba za a ɗauke yarinyar ba. Amma za ta je gidan ta gaida Yaya, gaisuwa kawai, don tana son ganin matar da ta goyi yarinya ta hau wannan tudun.

"Kafin in je, Misye Isiyaku, kai za ka fara zuwa," in ji ta. "Ba zan zauna a tabarmarta ina sane da abin da ita ba ta sani ba."

Washegarin isowarmu na tafi da safe. Layin mahauta ya riga ya cika, ana ta yi mini barka da dawowa, ina amsawa ban san me nake cewa ba. A zaure na tsaya kamar kullum, sannan na cire takalmi na shiga ciki. Yaya tana bakin murhu tana kwashe ƙosai na ƙarshe. Ta ɗago ta gan ni a tsakar gidanta, ta duba bayana ko wani ya mutu.

"Auta, lafiya? Ka dawo ke nan? Kai da ba ka wuce zaure."

Yarinyar tana tsugune tana wanke roba. Doguwa ce ashe, siririya, da goshin mahaifiyarmu. Ta gan ni ta miƙe za ta shige ɗaki yadda aka saba. Na ce wa Yaya a ce mata ta zauna, maganar ta shafe ta. Ta koma ta tsuguna, tana kallon ƙasa.

Na durƙusa a gaban murhun na faɗi komai, tun daga tafin da aka yi mini har zuwa gidan marayu. Ban rage ba. Yaya ba ta katse ni ba, mai yana ta ƙonewa a kasko ba ta sauke ba. Da na kai wurin ɗakin girki ta ce, "Ka ce musu ita kaɗai take kwana a ciki?" Na ce ban ce ita kaɗai ba, amma na bar su su ɗauka haka. Ta gyaɗa kai. Ta sa gefen zaninta ta share fuska, ta ce hayaƙi ne.

"To yanzu me kake so?" in ji ta.

Na ce, "Yaya, ba abin da nake so sai ki ji daga bakina. Kin ɗauki 'yata ranar da na kasa ɗaukarta, kin yi mata abin da ni da uwarta za mu yi, ni kuma na tafi garin kakanmu na sayar da mutuncinki don baƙi su tafa mini. Abin da kika faɗa mini ranar tafiya gaskiya ne, shi ya sa ya yi mini zafi. Ba kunya ce ta hana ni shigowa gidan nan ba, gudu nake yi, don in na dube ta uwarta nake gani. Na zalunce ki, na zalunce ta. Ki yafe mini don Allah. In ba za ki iya yau ba, zan dawo gobe in sake roƙo, kuma ba a zaure zan tsaya ba."